Mizanin Mai Tsaron Gida a Ƙwallon Gora na Kan Ƙanƙara

A kakar wasa ta 1928 zuwa 1929, wani mutumin Kanada mai suna George Hainsworth, mai tsaron gidan ƙungiyar Canadiens ta birnin Montreal, ya buga wasa 44, aka zura masa ƙwallo 43 kacal, kuma a wasa 22 daga ciki, wato rabi cif, an tashi ba wanda ya ga cikin ragarsa. Saboda haka aka ba shi kofin Vezina, wanda shi ne lambar girman mai tsaron gidan da ya yi zarra a shekara. Bayan shekara 59, a kakar 1987 zuwa 1988, aka miƙa wannan kofi dai ga Grant Fuhr na ƙungiyar Oilers ta Edmonton, alhali kuwa shi, in an yi raba-daidai, kusan ƙwallo uku da rabi ake zura masa a kowane wasa. Duk wanda ya ɗora waɗannan lambobi biyu bisa mizani, bai san abin da ke ƙarƙashinsu ba, lalle zai yanke hukuncin cewa ko dai masu tsaron gida sun lalace a tsakanin zamanin nan biyu, ko kuwa masu ba da kofin ne hankalinsu ya gushe, kuma ko wanne ya ɗauka ya yi kuskure.

Tun da yake wasan na ƙasashen sanyi ne, irin su Kanada da arewacin Amurka da Rasha da Suwidin da Finlan da ƙasar Cek, ya kamata a fara siffanta shi. Ana yinsa a kan daskararren ruwa mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85, kewaye da katanga, mutum shida-shida, suna sulɓi bisa takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kowa riƙe da gora mai lanƙwasa a kai. Ƙwallon kuwa ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa inci uku, kaurinsa inci ɗaya, wanda idan ƙaƙƙarfan mutum ya make shi yakan wuce gudun kilomita 150 a sa'a. Raga faɗinta ƙafa shida, tsayinta ƙafa huɗu, wasa kuma minti 60 ne kashi uku. Sauran 'yan wasa suna ta musanya, wannan ya fita wannan ya shigo, amma mai tsaron gida shi kaɗai yake tsaye tun daga farko har ƙarshe, yana fuskantar hari kamar talatin. Babbar gasar duniya a wannan fanni ita ce NHL, wadda aka kafa a Montreal a 1917, take da ƙungiya 32 a yau, ana kuma takarar kofin Stanley a cikinta.

To, sirrin Hainsworth yana cikin littafin dokokin wasa. A zamaninsa an haramta wa ɗan wasa ya miƙa wa abokinsa ƙwallo gaba idan sun shiga yankin abokan hamayya, don haka mai kai hari sai dai ya kutsa shi kaɗai, ko ya buga daga nesa, mai tsaron gida na kallonsa tun daga inda ya taso. Da masu gasar suka ga 'yan kallo sun fara gundura da wasan da ba a cin ƙwallo, sai suka halatta miƙa ƙwallo gaba a kakar 1929 zuwa 1930, nan take cin ƙwallo ya ninka. Hainsworth ɗin nan, da idonsa da hannunsa da ƙungiyarsa ba abin da ya sauya, aka zura masa 108 a wasa 42, wasannin da ya tashi ba a ci shi ba suka faɗo daga 22 zuwa huɗu. Ba ma wannan ne karon farko da alƙalamin masu doka ya sauya aikin mai tsaron gida ba, domin kafin watan Janairu na 1918 laifi ne ya zube ƙasa don tare ƙwallo, har sai da Clint Benedict na Ottawa ya ƙware wajen faɗuwar ganganci yana nuna santsi ne ya kwashe shi, 'yan kallo suka yi masa laƙabi da mai addu'a saboda yawan durƙusonsa, shugaban gasar, Frank Calder, ya ga dokar ba ta hukuntuwa ya soke ta.

Ma'auni mafi daɗewa, wanda har yau jaridu ke fara kawowa, shi ne yawan ƙwallayen da ake zura wa mutum a kowane minti 60, sai kuma yawan wasannin da ya ci. Illar waɗannan biyun ita ce dukiyar ƙungiya ce ake rubuta wa mutum ɗaya. Tun daga 1946 har 1981 ba a ma zaɓen wanda za a ba kofin Vezina, ƙa'ida ce kawai: ƙungiyar da aka fi zura wa kaɗan, mai tsaron gidanta ya ɗauka. Misalin da ya fi bayyana wannan shubuha shi ne Ken Dryden na Montreal, wanda cikin shekara takwas ya ɗauki kofin Stanley sau shida, ya ci wasa 258, aka cinye shi 57 kawai, yana tsaye a bayan mashahuran 'yan baya uku, Larry Robinson da Serge Savard da Guy Lapointe. Masu rage masa daraja suna kafa hujja da cewa a kakar 1976 zuwa 1977, lokacin da ƙungiyar ta sha kashi sau takwas kacal cikin wasa 80, mataimakinsa Michel Larocque, wanda ba mai lissafa shi cikin manya, ya ma ɗan fi shi kyawun lamba, 2.09 a kan 2.14, wanda ke nuna ko wa aka ajiye a wannan raga zai haskaka. Amma masoyansa su ma ba su rasa dalili ba, dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne: a kakar 1973 zuwa 1974, da Dryden ya yi jayayya da shugabannin ƙungiya kan albashi, ya ajiye gora ya tafi aikin koyon lauya shekara guda, ƙwallayen da aka zura wa Montreal suka tashi daga 184 zuwa 240. Ruwayoyin nan biyu duk ingantattu ne, kuma wanda ya riƙe ɗaya ya jefar da ɗaya bai yi wa mutumin adalci ba.

Lissafin nasara ya fi wannan rauni. A zamanin Hainsworth wasa 44 ake yi a kaka, daga 1949 aka koma 70, daga bisani aka kai 82, sa'an nan a 2005 aka soke canjaras gaba ɗaya, aka ce in an tashi kunnen doki a raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Saboda haka lokacin da Martin Brodeur na New Jersey ya ci wasa 48 a kakar 2006 zuwa 2007, ya karya tarihin 47 da Bernie Parent na Philadelphia ya kafa a kakar 1973 zuwa 1974, sai masu lura suka tuna cewa Parent ya yi canjaras 12 a waccan shekara, waɗanda da a ƙarƙashin sabuwar doka aka yi su, da wasu sun koma nasara.

Don magance wannan ne, a farkon shekarun 1980, gasar ta fara buga wani ma'auni a hukumance, wato daga cikin hare-haren da suka nufi raga, nawa mutum ya tare. An saba faɗinsa cikin dubu. Wannan ya fi kusa da aikin hannun mai tsaron gida, gama wanda ake yi wa ruwan ƙwallaye arba'in a dare, da wanda ake kai wa hari ashirin, yanzu ana iya jera su. Sai dai shi ma yana da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne kada a karanta lambar mutum sai tare da lambar tsaransa na wannan shekara, kamar yadda malaman hadisi suka jera maruwaita ɗabaƙa-ɗabaƙa, suna auna kowa da mutanen zamaninsa. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Wayne Gretzky ya riga ya ci ƙwallo 92 a kaka ɗaya, ƙungiyarsa ta Edmonton kuma ta ci 446 a kakar 1983 zuwa 1984, matsakaicin mai tsaron gida yana tare kimanin 875 ne cikin dubu. A kakar 2015 zuwa 2016 matsakaicin ya kai 915. Wato lambar da za ta sa a yi wa mutum kirari a zamanin Gretzky, ita ce za ta sa a sallame shi bayan shekara talatin.

Idan aka bi wannan ƙa'ida, aka cire matsakaicin shekara daga lambar mutum, sai sunan Dominik Hašek, mutumin Pardubice ta ƙasar Cek, ya taso sama ya bar kowa. A kakar 1993 zuwa 1994, yana tsaron gidan Sabres ta Buffalo, ya tare 930 cikin dubu alhali jama'a suna kan 895, ma'ana a duk hari dubu shi 70 ke wuce shi, waninsa 105, rarar ƙwallo 35 ke nan da ya hana shiga. Kuma tun da harin da ya fuskanta a shekarar ya haura 1,500, rarar ta wuce hamsin. Bai tsaya nan ba, ya jagoranci gasar a wannan ma'auni shekara shida a jere, har ya kai 937 a kakar 1998 zuwa 1999, ya ɗauki kofin Vezina sau shida, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya a 1997 da 1998, abin da ba mai tsaron gidan da ya taɓa yi sau biyu sai shi, duk da cewa ƙungiyar da ke gabansa ba ta kai ƙurar ta Dryden ba. Salonsa kuwa ba ya koyuwa: yakan yar da gora, ya kwanta rigingine, ya mirgina, ya tare da gwiwar hannu ko da kai, masu horarwa suna riƙe baki. Abin mamaki a nan shi ne, wanda Hašek ya gaji ragar Buffalo daga hannunsa a waccan shekara shi ne Grant Fuhr, bayan ciwon gwiwa ya kwantar da shi, kuma a bayan 'yan baya iri ɗaya, a kaka ɗaya, Fuhr 883 ya tare, ana zura masa 3.68, Hašek kuwa 1.95.

Me ya sa matsakaicin ya yi ta hawa haka? Galibin dalilin yana jikin kayan da mai tsaron gida ke sawa, da irin tsayuwar da kayan suka ba shi dama ya yi. Mutanen farko fuska a buɗe suke tsayawa. Terry Sawchuk, wanda ya yi wasa 103 ba a ci shi ba, an yi masa ɗinki ɗaruruwa a fuska. Glenn Hall ya buga wasa 502 a jere daga 1955 zuwa 1962, bai huta ko ɗaya ba, ba abin da ke tsakanin idonsa da ƙwallo, kuma an san shi da yin amai kafin wasa saboda zullumi. Sai ranar 1 ga Nuwamba 1959, da bugun Andy Bathgate na New York ya fasa fuskar Jacques Plante, aka ɗinke shi, ya ce wa kocinsa Toe Blake ba zai koma fili ba sai da garkuwar fuska, kuma tun da ba wani mai tsaron gida a benci, dole kocin ya haƙura. Duk da haka sai a 1974 mutum na ƙarshe mara garkuwa, Andy Brown, ya bar gasar. Mutumin da ke tsoron fuskarsa a tsaye yake tare ƙwallo, kansa sama da raga, ƙasan raga kuwa a buɗe. Lifidin ƙafa na wancan zamani na fata ne, cushe da gashin barewa da audugar rimi, yana shan ruwa yana ƙara nauyi yayin da wasa ke tafiya. Da soson roba mara nauyi ya maye gurbinsa, garkuwar fuska kuma ta inganta, sai Patrick Roy na Montreal, tare da mai horar da shi François Allaire, suka ɗauki wata tsayuwa da Hall ya fara, suka mai da ita ilimi mai ƙa'ida: a zube bisa gwiwoyi, a baza ƙafafu hagu da dama su toshe ƙasan raga, ƙirji ya toshe tsakiya, abin da ake kira salon malam-buɗe-littafi. Cikin shekara goma kusan kowa ya koma wannan mazhaba, lifidi kuma ya yi ta kumbura, har gasar ta rage faɗinsa daga inci 12 zuwa 11 a 2005. Don haka tambayar da matasa ke so, wai da an kawo Sawchuk yau zai iya, ƙiyasi ne da bai cika sharaɗi ba, gama da an kawo shi yau, da kayan yau da horon yau za a ba shi.

Daga baya mizanin ya sake karkata, domin masu kai hari sun daina ɓarnar bugu daga nesa, sun koma neman miƙa ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan a gaban raga, har matsakaicin ya sauko zuwa 900 a kakar 2024 zuwa 2025. Natijar ita ce, 925 da Connor Hellebuyck na Winnipeg ya tare a wannan kaka ta fi nisa da jama'a a kan 933 da Carey Price na Montreal ya tare a kakar 2014 zuwa 2015, lokacin da matsakaici yake 915, ko da yake a ido lambar Price ce babba. Kuma kowannensu an zaɓe shi gwarzon gasa a shekararsa.

Saura illa ɗaya, ita ce kuwa mafi wuyar magani: hari ba ɗaya ba ne. Bugun da aka sako daga tsakiyar fili, mai tsaron gida na ganinsa, da wanda aka doka daga taku biyu bayan ƙwallo ta dawo daga ƙafarsa, duk ɗaya-ɗaya ake rubuta su a littafi. Hatta masu ƙidayar ma mutane ne, kowane fili da nasa, wani mai sakin hannu wani mai rowa, kuma masu bincike sun sha nuna cewa na filin New Jersey suna cikin masu rowar rubuta hari, abin da ke rage wa Brodeur lamba ba da laifinsa ba. A wajen Brodeur akwai ma wani abu da ma'aunin ba ya gani sam: gwani ne wajen fitowa bayan raga ya ɗauke ƙwallo ya miƙa wa nasa kafin abokan hamayya su iso, har sai da aka yi doka a 2005 aka taƙaita wurin da mai tsaron gida zai taɓa ƙwallo a can, kuma harin da aka kashe tun bai auku ba ba ya shiga kowane lissafi. Tun daga kakar 2007 zuwa 2008 ana rubuta wurin da aka buga kowane hari, sai masana lissafi suka ba kowane bugu ƙima gwargwadon nisansa da kusurwarsa da ko dawowar ƙwallo ce, su tara jimlar ƙwallayen da ake tsammani, su cire waɗanda suka shiga a haƙiƙa. Rarar ita ce aikin mai tsaron gida. Wannan ci gaba ne babba, sai dai bai waiwaya baya ba, don haka ba zai raba gardamar Fuhr ba. Lambarsa ta shekarar da ya ɗauki kofi, 881, kusan daidai take da matsakaici. Masu kare shi, cikinsu har da Gretzky wanda ya sha fifita shi a kan kowa, suna cewa 'yan bayan Edmonton duk gaba suke tafiya neman ci, su bar shi shi kaɗai da mahara biyu ko uku, kuma a shekarar ya buga wasa 75, kuma shi ne ya tsaya wa Kanada a gasar 1987 da Tarayyar Sobiyet, inda wasanni uku na ƙarshe duk aka tashi 6 da 5. Ni dai ina ganin shaidar waɗanda suka buga tare da shi abar saurare ce, amma ba ta kai ta ɗaga shi zuwa sahun Hašek da Roy ba, domin sauran masu tsaron gidan Edmonton na lokacin, irin su Andy Moog, lambobinsu ba su yi nisa da nasa ba.

Sa'an nan a yi hattara da kaka guda. Bambancin gwani da matsakaici galibi bai wuce ƙwallo ɗaya ko biyu cikin hari ɗari ba, wannan kuwa tazara ce da sa'a kaɗai ke iya cikewa na 'yan watanni. Jim Carey na Washington ya ɗauki kofin Vezina a 1996 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da 906 a shekarar da Hašek ya tare 920, kuma kafin 1999 ta ƙare ya bar gasar. Andrew Hammond na Ottawa ya ci wasa 20 aka cinye shi ɗaya tak a 2015, bai sake maimaita kwatankwacinsa ba. A nan ne falalar Brodeur take, mai nasara 691 da wasa 125 ba a ci shi ba, da ta Roy, wanda ya ci wasa 151 a zagayen neman kofin Stanley, aka zaɓe shi gwarzon zagayen sau uku, domin ƙungiyar da ta san wanda zai tsaya mata shekara goma sha biyar ta huta da babban nauyi. Idan aka nemi tarjihina, zan ba Hašek ƙololuwa, in ba Roy ranar gumurzu, in ba Brodeur da Hall ɗorewa, kuma ba zan yarda a haɗa ukun nan a lamba ɗaya ba.

Masu bincike sun koma cikin tsofaffin takardun wasa suka fitar da ƙidayar hare-hare har zuwa kakar 1955 zuwa 1956, kuma daga cikin abin da suka tono akwai wannan: a kakar 1970 zuwa 1971, Jacques Plante, yana da shekara 42, yana tsaron gidan Toronto, ya tare 944 cikin dubu, lambar da Hašek kansa bai taɓa kaiwa ba. A waccan shekara, bisa tsohuwar ƙa'ida, Ed Giacomin da Gilles Villemure na New York aka ba kofin Vezina.